Dafi a Haɓar Mayafi

Al Nahda

Da asuba muka fito daga unguwar Al Nahda, ni da Anti Hajara, ƙanwar mahaifiyata, wadda nake zaune a wurinta tun zuwana karatu Dubai. Na daɗe ina karanta labarin wani dodon koɗi na teku, mai gida kamar mazurari, da zane kamar an yi masa lalle. Dafinsa yana tsayar da numfashi, kuma babu makarinsa. Na ƙudura sai na gan shi da idona.

"A hana mutum barci saboda katantanwa!" in ji Anti. "Yalla, mu je, ba za ki tafi ke kaɗai ba."

Hanya

A Sharjah muka sha shayin karak, muka hau bas ɗin gabas. Rairayi ya ƙare, duwatsu suka fara, baƙaƙe, shiru kamar masu tunani. Anti ta yi barcinta har Khor Fakkan.

Bakin teku

Ruwa ya janye da hantsi. Na bi kududdufan cikin duwatsu ɗaya bayan ɗaya, rana na dukana, ban ga komai ba. Sai Anti ta kira ni tana dariya.

"Rumaisa, 'yar boko, na riga ki! Ga shi nan na ƙulle."

Ta ƙulle shi a haɓar mayafinta, yadda matan gidanmu ke ƙulle goro. Ƙullin yana lilo a ƙirjinta, ya jiƙe, kuma na ga ya motsa. Na san harbinsa yana ratsa yadi.

"Anti, cire mayafin nan."

"A gaban maza? Kin yi hauka?"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ranar na ɗaga. "Kar ki taɓa ƙullin! Cire!" Na ware gyalena na kare ta, na bar kaina da ɗankwali. Ta zame mayafin a hankali, ya faɗa cikin ruwa. Da tsinke na kwance ƙullin. Dodon koɗin ya mirgino, ya miƙo siririn bakinsa yana lalube, sannan ya nutse cikin yashi da lallensa. Kyansa ya fi na hoto.

Gida

Da magariba muka iso Al Nahda. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna.

"Kar uwarki ta ji," ta ce.

Mun gode wa Allah da Ya dawo da mu, mu biyu.