Inna Laraba Mai Sandar Awo

Kafin Inna Laraba ta miƙe daga kan dardumar asuba sai ta lallashi gwiwoyinta da man zafi, don sun daɗe da daina jin magana. Daga nan ta hura wuta ta dama kunun gero, ta cika babbar kula, ta ɗauko jakar magani da wata doguwar sandar katako mai zanen launi kala-kala. Masu keke na Bodinga sun san ta sarai. Da sun hango ta sai kowa ya kau da kai, saboda sandar ba ta shiga keke sai kanta ya leƙo waje. Wanda tsautsayi ya faɗa wa ya ɗauka yana ƙunƙuni, ita kuwa ba ta da sauran ƙarfin tanka masa.

Ma'aikaciyar lafiya ce, shekara talatin da biyar tana zagaya makarantun firamare tsakanin Bodinga da Shagari. Ta duba ido, ta duba kai saboda makero, ta koya wa yara wanke hannu har bakinta ya bushe. Amma babbar abokiyar gabarta tsargiya ce, ciwon nan da yaro ke kwasowa a tafki ya dawo yana fitsarin jini. Da tsawon yaro ake auna maganin: a tsayar da shi jikin sandar, launin da kansa ya kai shi zai nuna ƙwaya nawa zai sha.

Kunun kuma tabo ne a zuciyarta. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ta je wani ƙauye bayan Mandera, wanda ba zan kama sunansa ba, ana tsakiyar cirar albasa. Yara sun yi sammakon fadama taya iyayensu, daga can suka wuce aji ba ko ɗumame a cikinsu. Maganin nan ba a shan sa da yunwa. Ta sani, amma makarantu uku na jiranta, sai ba ta tambaya ba. Kafin azahar yara bakwai na amai, biyu jiri ya kwashe su. Washegari duk sun ware, amma ƙauyen ya rufe mata ƙofa. Wani manomi, Ɗanbaba, wanda ɗansa na cikin waɗanda suka faɗi, shi ya tare ta a bakin makaranta.

"Mu ma da hitsarin jinin ga munka tashi, ba mu mutu ba," in ji shi. "Ɗauki sandakki ki tahi."

Da wata ce da ta ce Allah raka taki gona. Ita kuwa duk shekara sai ta koma da kularta, ta zauna gindin darbejiya har kunun ya huce, ta kwaso ta dawo. Shugaban makarantar, Malam Lirwanu, ya shaida mini sau goma yana raka ta bakin titi bai taɓa jin ta zagi kowa ba. Iyaka ta ce, "Malam, na gaji," ta hau mota. Abin da ke cin ta shi ne yaran da take hangowa ta taga, sun ɗashe, suna gyangyaɗi a kan benci.

Bana takardar ritayarta ta fito. Wannan ne zuwan ƙarshe, kuma ta san in aka sake korar ta, wanda zai gaje ta ba zai taka garin da ya yi ƙaurin suna ba. Don haka ba ta tsaya gindin bishiya ba. Ta ja ƙafa har zauren Ɗanbaba, ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata, mace da ta girme shi nesa ba kusa ba.

"Ni ad da laihi, ba magani ba," ta ce. "Ban tambayi ɗiyanku ko sun ci abinci ba. Shekara sha ɗaya kuna horon ɗiya kan laihin tsohuwa. Don Allah ya isa hakanan."

Sai muryar matarsa Kulu ta fito daga bayan zana.

"Malam, Kausar wata ukku ba ta zuwa makaranta. Kuka takai in za ta hitsari. Kai ba ka ji, ni ka ji."

Kausar 'yarsu ce mai shekara tara. Ɗanbaba ya ce a fito da ita. Inna Laraba ta cika mata kofi, ta tsaya sai da ta shanye, ta ƙara mata, kana ta tsayar da ita jikin sandar, ta ba ta magani. Labari ya zaga gari. Yara suka yi layi har kunun ya ƙare, sai ga kwanonin ɗumame suna fitowa daga gidaje ba wanda ya roƙa. Ranar babu yaron da ya faɗi. Ɗanbaba da kansa ya ɗaukar mata sandar zuwa titi, bayan sati uku kuma Kausar ta koma aji.

Inna Laraba, ke ce mai sandar da ba ta taɓa dukan yaro ba. Ke ce kika yi kuskure sau ɗaya, kika ɗauke shi a kula kina yawo da shi shekara goma sha ɗaya, alhali da yawanmu da mun ɗora wa magani laifi mun yi barcinmu. Ba a taɓa ba ki lambar yabo ba, na kuma san ba ita kike buƙata ba yanzu, hutu kike so. Mun gode, Inna. Allah Ya huta gajiya, Ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwa, Ya saka miki da Aljanna.

Sai dai tafkin na nan inda yake, damina na tafe, Kausar da ƙawayenta za su koma wanki a bakinsa. Jiya na leƙa ɗakin shan maganin da Inna ta bari, na tarar da sandar jingine a bayan ƙofa. Na ɗaga ta, wallahi ba ta da nauyi. Duk wanda Allah Ya ba zuciyar ɗauka, ya ɗauka ya kama hanya, amma don girman Allah ya fara tambayar yaro ko ya karya.