Maraba da Baki

Ummulkhairi ba ta yin aiki da ka. A shagonta na Mabera, inda take tsara katunan biki da banoni a kwamfuta, ta tara salon rubutu fiye da ɗari uku, kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta ƙirga. Cikin masu kama da rubutun hannu, waɗanda kowa yake so yanzu, huɗu kacal suka san ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ. Huɗun nan kuwa munana ne kamar tsagen kaza.

Ana nan sai ga Inna Rahmatu, mai tuwo a Ƙofar Rini, tana son bana mai cewa "Maraba da Baƙi". Ta dangwala yatsa a kan wani salo mai jan wutsiya.

"Wanga nika so, ɗiyata."

"Inna, wannan ba shi da ƙugiya."

"Ƙugiya? Nama za ki ratayewa?"

Ummulkhairi ta juya kan kwamfuta. Ta aro ƙ daga wani salon ta liƙa, ta sa sunanta da lambarta a ƙasa. Shi ne babban bananta na farko, so take duk mai wucewa ya san akwai mai aiki da ƙa'ida a garin nan.

A wurin bugawa, Zayyanu mai injin ya ga harafi ɗaya tsaye ƙiƙam cikin 'yan uwansa masu rangwaɗa. Ya goge ya sa k, wai taimako ya yi mata.

Ba ta sani ba sai da ta zo wucewa a babur: MARABA DA BAKI, da sunanta ɓaro-ɓaro a ƙasa. Kamar ƙasa ta tsage ta shige! Ta koma shago ta zana ƙugiyar da hannunta, ta goge, ta sake, har ta zauna daidai. Ta tsaya a kan Zayyanu ya buga sabo, ta naɗe ta kai.

Inna Rahmatu ko kwanon hannunta ba ta ajiye ba.

"Mi za a sauke? Tun da anka rataya shi tuwona bai kai la'asar ba. Kowa ya zo sai ya ce, Inna, ga bakin ya iso."

"Kuskure ne fa, Inna!"

"To da mi baƙon ka cin tuwo, da kunne?"

"A bar ni in rufe sunana, to."

"Taɓa ki gani."

Ummulkhairi ta dawo da sabon banan a hammata, tana huci. Kafin ta buɗe shago waya ta yi ƙara. Wani Hashim ne, mai balangu a Ƙofar Taramniya.

"Ke ce mai banan Inna? Irin shi nika so, sak. Don Allah kak ki sa ƙugiyag ga."

Shi ne na biyar da ya nemi haka a makon. Ta yi tsaki, ta jawo kujera.

"Faɗi nawa, tsawo nawa?"