Ranar da Muka Yi Rumfa da Fitilun Gwamnati

Waziriyya

Ana sallame asuba muka fito daga unguwarmu, ni da Laraba, ƙanwar maigidana. Umra ce ta kawo ta, ta yi zamanta wurinmu a garin nan na bakin teku, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Tun a bakin ƙofa na ja mata kunne: duk mai kakin da ya tambayi takardarta, sai jirgin Kano.

Bab Makka

Direban motarmu jikan Hausawa ne, amma Hausarsa ta gama karyewa. "Yalla Hajiya, shiga da ƙafa naka!" Muka shiga. A kasuwar Bab Makka muka sayi yadi, muka karya da wake da gurasa. Ga tsada, ga rashin yaji.

Tsohon Gari

Da hantsi muka shiga Balad, mu huta. Fitilun nan na baƙin ƙarfe masu kan gilashi suna nan tsaye. Tun ina amarya na san su, a jikinsu muke ɗaura rumfa mu sayar da gyaɗa. Rana ta yi zafi, na warware yadinmu, na ɗaure gefe a wannan, gefe a waccan. Inuwa ta samu.

Sai ga mai gadi cikin kaki. "Inna, haramun! Kayan tarihi ne, hukuma ke tsaronsu!"

Kafin in juya, Laraba ta kabbara salla.

Na ce, "Ɗan nan, ni ma tarihi ce. Wa ke tsarona daga rana? Kuma tsaron ne ya bar kashin tattabaru a kansu haka?"

Ya nuna Laraba. "Wannan fa, 'yarki ce?"

"Ba ka ga ibada take yi ba?"

Ya harɗe hannu yana jira. Laraba in ta sallame sai ta zabura ta sake kabbarawa, gumi har haɓa. Can dai ya gaji, ya kwance yadin da kansa, a hankali kamar mai cire wa jariri riga, ya ninke ya miƙo mini.

"Inna, in ta idar ki gaya mata teku take kallo. Makka na bayanta."

Ya tafi kafaɗunsa na rawa.

Gida

La'asar ta same mu a ɗaki lafiya, mun gode wa Allah da ya rufa asiri. Laraba na shafa man zafi a gwiwa, wai, "Yaya, ai na samu lada."

Na ce ta tashi ta sake sallolin duka, tana kallon gabas.