Hannun da Na Ɗaga wa Baba a Dutsen Fiƙra

Jama'a, wannan abin ni ya faru da ni, ba wani ne ya ba ni labari ba, kuma wallahi da ƙarya ce da na fi kowa murna. Shekarun baya ne, lokacin ina aikin kai masu hawan dutse daga Madina zuwa Fiƙra, wani ɗan gari da ke can ƙololuwar duwatsu ta yamma da mu, inda ake samun sanyi da zuma. A nan muke kama masauki mu ajiye kaya, da safe mu ɗauki sanduna mu shiga dutse, la'asar mu dawo.

Mahaifina yana yaro aka taho da shi daga Kano a ƙasa, suka ratsa Chadi da Sudan suka haye teku, kuma tun da ya sa ƙafa a Madina bai yarda ya kwana a wajenta ba sai don Hajji. Ko biki aka yi a Jidda sai dai ya aika da gaisuwa. Burinsa ɗaya ne, ya mutu a Madina a binne shi a Baƙi'a, kusa da inda aka sa mahaifiyarmu. Ni kuwa a lokacin ina ganin wannan rigimar tsufa ce kawai.

Shekarar nan zafi ya matsa, gidanmu na unguwar Ƙurban ya zama kamar tanda, numfashinsa ya fara yi masa wuya, sai na tasa shi gaba da magiya a kan ya bi ni Fiƙra ya sha iska kwana biyu. Ya ce, “Ɗan nan, ni na gama tafiya, ka ƙyale ni.” Na ce, “Halas, shi ke nan ya Baba, kwana biyu ne fa, ni zan kai ka ni zan dawo da kai.” Ina da naci, ina da saurin fushi, kowa a gidanmu ya sani. Ya dube ni, sannan ya ce a ɗauko masa sandarsa.

Ranar farko har daɗi ya ji, ya sha shayi da zuma, ya yi barci mai kyau, ni kuma ina ta cika baki. Washegari na bar shi a ɗaki wajen mai masaukin, wani dattijo mai kiwon zuma, na fita da mutanena. Wajen hantsi sai hadari ya haɗu, gajimare ya sauko ya rufe mu har ba ka ganin wanda ke gabanka sosai, ina ta ƙirga mutane raina a ɓace don ɗaya ya yi baya. Ina cikin haka sai gajimaren ya ɗan yaye, na hango Baba tsaye a ɗaya gefen wani kwazazzabo, da farar rigarsa, babu sanda, mutumin da matakala uku ke gagararsa sai an riƙe shi.

Ya ɗaga murya ya ce, “Ɗan nan, ta ina Madina take?”

Ku ji abin da na yi. Maimakon in tambayi yadda aka yi ya hawo nan, sai zuciya ta ɗebe ni, na ce a raina wato tsohon nan gudu zai yi ya kunyata ni a gaban baƙi. Na wurga hannu haka kawai ba tare da na duba ba, na ce, “Ga ta can!” Ya ce, “To, Allah ya yi maka albarka,” ya juya ya bi inda na nuna, gajimare ya rufe. Sai a sannan na zagaya da gudu ina kiransa, babu shi babu sawunsa. Mutanen da ke tare da ni suka ce sun dai ji ina ihu, amma ba su ga kowa ba.

Muka sauko cikin ruwan sama, na tarar da mai masaukin a bakin ƙofa yana jirana. Ya riƙe hannuna ya ce Baba ya cika tun hantsi, a kan shimfiɗarsa, shi da kansa ya rufe masa ido, kuma Baba ko ƙofar ɗaki bai taka ba. Ruwan nan ya gangaro da duwatsu ya toshe hanyar mota ɗaya tilo da ke sauka, aka ce gyara sai an kwana uku ko fiye. Muka jira kwana ɗaya, muka shiga na biyu, dattawan garin suka ce gawa ba ta jira, kuma gaskiya suka faɗa. Da hannuna na sa hannu a takardar izinin binne shi, da hannuna na sa shi a kabari a Fiƙra. Yayata har yau idan na shiga gidanta tana gaishe ni, tana ba ni abinci, amma ba ta haɗa ido da ni.

Na san mamaci ba ya yawo. Malamai sun faɗa mini, sun ce aikin mutum ne ke bin sa ba ƙasar da ya kwanta ba, wani ya ce aljani ne ya ɗauki kamarsa, duk na ji kuma ban musa ba. Amma bayan wata biyu na koma wurin nan da rana tsaka, sama garau, na tsaya daidai inda na tsaya, na ɗaga hannu yadda na ɗaga. Jama'a, yamma na nuna masa. Madina tana bayana, na tura shi wajen teku, hanyar da ya sha wahala ya baro yana yaro.

Na bar aikin dutse tun daga ranar. Ban san wa na gani ba, ban san ko ya isa wani wuri ba, abin da na sani shi ne ya tambaye ni abu ɗaya a rayuwarsa kuma ya sa mini albarka a kan amsar da ba daidai ba. Don Allah, idan tsohonku ya ce ba za shi ba, ku ƙyale shi ko da kun fi shi gaskiya. Wanda kuma ya karanta wannan, ya yi wa mahaifina addu'a, ni ma ya sa ni a ciki.