Jan Biro da Sunan da ke Jikin Kwali

A ofis Jan Biro suke ce mata, a gida kuwa Yaya. Ta yi shekaru a ɗakin magani na wani asibiti tana miƙo ƙwayoyi ta taga, har ta kai ko ido a rufe aka sa mata kwali a hannu za ta faɗi abin da ke ciki. Ciwon gwiwa ne ya raba ta da tsayuwa. Da ta gaji da shafe-shafe da ɗaure-ɗaure, sai ta karɓi aikin zaune a wani kamfani da ke haɗa manhaja don masu kemis.

Manhajar irin mai basirar nan ce, a tambaye ta ta ba da amsa. Mai kemis zai rubuta mata magungunan da mutum ke sha, ita kuma ta aiki wasu ƙananan manhajoji su nemo mata rukunin kowanne, don kada a haɗa wa mutum biyu masu aiki iri ɗaya. Kowace ƙarama tana da ɗan bayani a kanta: ga abin da za a ba ta, ga abin da za ta dawo da shi. Bayanin nan kaɗai babbar take karantawa, ba ta da abokiyar aikin da za ta juya ta tambaya. Aikin Jan Biro ta karanta bayanan, ta ba su maki kafin a sake su.

Ƙa'idar ɗaya ce, kuma oganta ya faɗa mata tun ranar farko. "Hajiya, ki karanta kamar ba ki taɓa ganin magani ba. Ita na'urar haka take."

Ta ce to. Amma ina aka taɓa cewa wadda ta yi furfura cikin ƙwaya ta manta ƙwaya? Tsanani dai tana da shi. Masu rubuta bayanan in sun hango ta da takarda sai kowa ya sunkuyar da kai kan kwamfuta. Jimla mai harshen damo ba ta wuce ta, ta ja mata layi ta mayar. Ita kanta tana jin daɗin tsoron da ake mata, ba ta ɓoyewa.

Wata rana aka kawo mata wani gajeren bayani: a saka sunan magani, a samu rukuninsa. Ta karanta, ba ta ga abin ja ba. Duk wanda ya tsaya a bayan taga ya san sunan magani shi ne na sinadarin, ɗan ƙaramin rubutun da ke ƙasa, ba ƙaton sunan da kamfani ya zana a jikin kwali don talla ba. Ta ba shi cikakken maki, ta tafi cin abinci.

Bayan an saki manhajar abin ya fara damunta, ba ta san dalili ba. Tana tsaka da wani aikin sai jimlar gajeren bayanin nan ta faɗo mata. Ta kan ce a ranta gajiya ce. Har mai kemis ɗin layinsu, wanda mahaifinta ke sayen maganin hawan jini a wurinsa, ya tare ta a hanya yana washe baki, wai ya sa manhajarsu, yanzu aiki ya zama shan ruwa. Ta yi masa murna ta wuce.

Ranar da ƙanwarta ta bugo, tana ofis da rana tsaka.

"Yaya, Baba fa jiri yake ji. Ɗazu da ya miƙe sai da na riƙe shi."

Ta same shi a kujerarsa ta falo, fuska ta yi fari, yana ta ba ta haƙuri wai an taso ta daga aiki kan abin da bai taka kara ya karya ba. A kan teburin gefensa akwai kwali biyu. Ɗaya na asibitin da yake zuwa ne, ɗayan wani likita ne ya rubuta masa da ya kai ziyara wurin ƙaninsa. Suna daban, launi daban. Ta juya su ta karanta ƙaramin rubutun. Rukuninsu ɗaya.

"Baba, duka biyun kake sha?"

"Safe da yamma. Na tambayi mai kemis, ya tambayi abin nan naku, ya ce ba komai." Ya yi ɗan murmushi. "Na ce ai aikin 'yata ne, ba sai na dame ki ba."

Ta kira mota, ƙanwarta ta wuce da shi asibiti. Ita ta ce su yi gaba tana tafe, ta ɗingisa zuwa kemis da kwalayen a jaka. Mutane ne a tsaye har bakin ƙofa, yawancinsu dattawa, kowa da takardarsa.

"Rubuta wa manhajar waɗannan in gani," ta ce wa mai kemis.

Ya kwafi manyan sunayen kamar yadda ya saba. Ƙaramar manhajar ba ta san su ba, sai ta dawo babu komai. Babbar kuwa ba a gaya mata me babu komai ke nufi ba. Ta rubuto cikin ladabi cewa ba ta ga wata matsala ba.

Jan Biro ta juya ta dubi layin dattawan. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba duk zamanta a asibiti.

"Mutum nawa ta ce wa haka?"

"Ai kusan kowa haka take ce masa, Hajiya," in ji shi, yana miƙa hannu ya karɓi takardar wata tsohuwa. "Shi ya sa layin ke sauri."