Hannun da Ban Sa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran surukina kuma malamina, wanda duk bakin ruwan nan ke kira Baba Mai Inji, bayan kwana uku yana kwance a asibiti bai farfaɗo ba. Na yi mako uku ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, domin abin da zan rubuta ba yabo ne kawai ba.

Baba, shekara arba'in ka yi a rumfar nan ta kwano kana gyaran injinan jiragen ruwa, goma sha tara daga ciki muna tare. Kai ka ba ni sana'a, ka kuma ba ni 'yarka, kana tsokanata wai ka haɗa mini inji da mai. Ban taɓa ganin ka kori masunci don injinsa ya tsufa ba. Akwai ranar da ka cire fankar ruwa daga naka injin ka sa wa wata gwauruwa mai jigilar itace, kai kuma ka yi mako guda kana tuƙi da filafili, kana cewa likita ne ya ce ka motsa jiki.

Kowa ya san yadda kake gane injin da ya yi zafi. Ba ka yarda da ido kaɗai ba. Sai a tayar da shi, ka bar shi ya yi aiki na ɗan lokaci, sannan ka tara hannu a ƙarƙashin siririn ruwan da yake fitarwa ta baya, wanda muke kira fitsarin inji. In da ɗumi kawai, lafiya. In ya sa ka janye hannu, ko yana zuwa yana yankewa, to leda ko yashi ya toshe mashigar ruwa, ko kuma 'yar fankar robar da ke jan ruwan ta cinye. Daga nan ka ɗora bayan hannu a kan injin ka ƙirga biyar. Mai jirgi na gaggawa, kai ko a jikinka. Ka sha ce mana, “Inji ba ya mutuwa bai yi kuka ba, mu ne ba ma tsayawa mu ji.”

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, shekara biyu ke nan ciwon suga ya kashe maka jin hannu. Na gane ne ranar da na ga ka dafa salansa mai zafi kana hira, fata na ƙonewa ba ka sani ba. Ka ja ni bayan rumfa ka ce, “Wannan tsakaninmu. Daga yau kai ne hannuna.” Ko matarka Inna ba ka gaya wa ba. Tun daga ranar, in an kawo inji, kai kake saurara kana shinshinawa, ni nake taɓawa, mu haɗa ido, ka faɗi cutar. Na ji daɗin amanar nan, har ina jin kaina.

Ranar Asabar ɗin da ta gabaci rasuwarka, za ka haye ruwa zuwa ganin likitanka. Ka tayar da injinka, ka ce, “Zo ka ji mini wannan, muryarsa ba ta yi mini ba.” Ni kuwa waya na kunnena, wani mai manyan jirage yana jirana da aiki, ga shi na sa farar riga. Na leƙa daga kan gaɓa, na ga ruwa na fita. Ban sauka ba, ban jira ya ɗau zafi ba, ban tara hannu ba. Ka ce, “Ka taɓa?” Na ce, “Lafiyarsa lau, Baba.” Ka gyaɗa kai ka kwance igiya, saboda ban taɓa yi maka ƙarya ba.

A tsakiyar ruwa injin ya cije. Ka wuni cikin rana, ba abinci, ba inuwa, iska na jan jirgin nesa da hanya. Sai bayan la'asar masunta suka tsince ka a sume. Da aka jawo jirgin na buɗe injin ni kaɗai, na tarar da fankar robar saura haƙora biyu, fentin kan injin ya ƙone ya yi baƙi. Minti biyar da hannu ɗaya sun isa su nuna mini wannan.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun faɗa mini, na kuma yi imani. Amma a zaman makoki na ji wani abokin sana'a yana cewa, “Gwani ma na tuntuɓe, tsufa ne ya sa Baba bai lura ba.” Aka yi ta gyaɗa kai. Ina zaune a wurin, ina raba wa mutane ruwa, na yi shiru. Shirun nan ya fi ƙaryar farko ci mini rai. Ku sani, Baba bai yi tuntuɓe ba. Kunnensa ya ji, ya kira wanda ya amince da shi, wanda ya amince da shi ne ya ci amana.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yalwata kabarinka, Ya sanyaya makwancinka, Ya sa jinyar da ka ɓoye ta zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da ƙannenka, da jikokinka, da dukan masu jirgin da suka yi rashin uba. Allah Ya ba mu haƙuri.

Ke kuma uwar 'ya'yana, kullum kina ce mini in daina kuka, wai na yi wa mahaifinki duk abin da ɗa zai yi. Na kasa faɗa miki da baki, shi ya sa na rubuta. Kafin kowa ya karanta takardar nan, ke zan fara miƙa wa, in zauna a gabanki har ki gama.