Safinatu, Mai Raba Faɗan Masu Gadi

Da hantsi Hajiya Safinatu take ɗaga ƙofar shagonta, a layin maɗinka na unguwar Birketeri, inda hayaƙin masu soya, wato tsire, ke shiga har cikin aljihu. Tana share teburi, ta ɗora tabarau a karan hanci, ta ajiye kujeru biyu gaban kwamfuta. Ta biyun ta mai kaya ce, don ba ta buɗe na'urar kowa a bayan idonsa. Shi ya sa matan unguwannin Ekudu da Site Bat suke wuce masu gyaran kwamfuta na kasuwar Mokolo, su zo wurinta da hotunansu.

Yanzu ido ya fara gajiya, ta ce bayan Sallah za ta huta. Na ce to, kafin ta tafi sai na tona mata asiri.

A shekarun da tashin hankali ya addabi jihar Arewa Mai Nisa, tsoro ya iso har nan. Ana laluben mu a ƙofar masallaci, ana laluben mu a tasha. Sai muka ɗauka yawan masu gadi shi ne tsaro, har a kwamfuta. Mutum ya sa sabon antibirus, wato manhajar da ke gadin kwamfuta, bai cire tsohon ba, wani ma ya ƙara na uku don albarka. Mu 'yan unguwar nan ba ma yin abu kaɗan.

Haka ta faru da Tasalla, wadda ta gudo daga kan iyaka da goyon 'yarta Lubna, bayan an kashe mijinta Garga a hanya. Abin da ya rage mata na mijin shi ne bidiyon ranar suna, a wata tsohuwar kwamfuta. Ƙaninta ya canza mata antibirus, da kyakkyawar niyya. Washegari na'urar ta sandare, bidiyon ya ɓace. Wurare biyu ta kai, aka ce sai an goge komai. Ina shagon ranar da ta shigo rungume da kwamfutar a cikin zane.

"Hajiya, sun ce sai formate," in ji ta. "Yarinyar nan ba ta san muryar ubanta ba. Jira nake ta yi wayo in nuna mata."

"Zauna nan kusa da ni, Maman Lubna. Ba a goge komai a shagon nan sai an yi bincike."

Ta tada na'urar ta hanyar da ba ta farkar da antibirus ɗin ba, ta duba, ta yi tsaki. "Masu gadi biyu aka sa a ƙofa ɗaya, kowa yana ganin ɗan'uwansa ɓarawo. Sabon ya zargi kayanki, ya kulle su a karantin, ɗakinsa na killace abin da yake zargi."

"To ki kore shi, Hajiya!"

"In na kore shi yanzu, da makullin zai tafi. Sai ya sako abin da ya tsare tukuna."

Tsohon ta fara cirewa, har ɓurɓushinsa da ya maƙale a lungu. Da faɗan ya mutu, sabon ya dawo hayyacinsa, ta buɗe karantin ɗin, ta tantance, ta maido da bidiyon. Ni dai gumi nake yi kamar kayana ne. Ta juya wa Tasalla na'urar ta ce, "Ke za ki danna."

Sai ga muryar namiji yana dariya, yana cewa, "Ku miƙo min Lubnata." Tasalla ta rufe fuska da mayafi tana ta hamdala. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba.

Safinatu, ke ce mai haƙurin da ba ya cewa a goge. Ke ce kika koya mana a sallami tsohon mai gadi da kyau kafin a ɗauki sabo, kuma a tambayi abin da ke hannunsa. Mun gode, Allah ya ƙara wa idonki haske, ya saka miki da alheri.

Ku kuma masu gyara da za ku gaje ta, kafin ku ce formate, ku tambayi mai kaya me ke ciki. Lubna ta shiga makarantar sakandare bana, kuma ta san yadda mahaifinta yake kiran sunanta.